Kaifin birki daban, tsayawar mota daban

Duk wanda ya taɓa rakiyar mai sayen mota a Kumasi ya san yadda muke gwajin birki. Mai saye zai shiga, ya ja motar kamar taku ashirin a cikin fili, ya ɗan dangwali feda da kan yatsa. In ta yi turus har goshinta ya duƙa, na gefe ya kusa sumbatar gilashi, sai a kalli juna a ce, "Kai, birkin nan reza ne." Magana ta ƙare, sai ciniki. In kuwa sai da ƙafa ta ɗan nutsa kafin ya ci, sai a yamutsa fuska a fara neman ragi.

Ni ma da wannan ma'aunin na yi shekaru ina tuƙi, har ranar da ya kusa kai ni ya baro. Da damina ne, na taso daga Oforikrom na nufi mahaɗar Anloga. An yi yayyafi, irin wanda bai isa ya wanke titi ba, sai dai ya jiƙa ƙura da baƙin man da motoci suka ɗiɗɗiga. Wani mai aboboya, wato babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, da lodin gawayi ya faɗo min ba sallama. Na taka birki, birkin da ko sati biyu ba a yi da sa masa sababbin takalma ba. Ƙafata ta ji shi daram. Motar kuwa ta ci gaba da sulalewa kamar an ɗora ta a kan sabulu, tayoyi na kuka, sitiyari ya zama ado a hannuna. Da ta ga dama ta tsaya, abin da ya rage tsakanina da buhunan gawayin nan bai kai kamu ɗaya ba.

Washegari na kai ta Magazin na Suame, unguwar garejoji da shagunan kayan gyara da ke kan hanyar Offinso, inda ƙarar guduma da walda ba sa barin ka ji sallamar na kusa da kai. Fitan, wato makaniken, da ke duba min mota dattijo ne ɗan Aboabo, yaro da babba Masta suke ce masa. Na zayyana masa abin da ya faru, ina jiran ya sa a ɗaga mota a kwance ƙafafu. Ko bonet bai buɗe ba. Ya tsuguna, ya shafa tayar gaba da babban yatsa, ya ɗago ya dube ni.

"Malam, birkinka ya yi aikinsa. An ce ya kama taya, ya kama. Tayar ce ba ta da abin kama ƙasa. Shafa ka ji, sumul kamar bayan faranti."

"To Masta, ai ji na yi yana ci sosai."

"Ƙafarka ce ta ji. Kwalta ba ta ji ba."

Abu biyu muke haɗawa mu kira su da suna ɗaya. Akwai yadda feda take a ƙarƙashin ƙafa: taurinta, zurfinta, da saurin cin birkin. Akwai kuma nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya cik. Suna da dangantaka, amma ba tagwaye ba ne. Mota na iya zama da birki mai daɗin takawa ta kasa tsayawa a kan lokaci, wata kuma fedarta sai an sa ƙarfi, amma in aka danne ta sai ta kafe kamar an ɗaure ta da igiya.

Don a ga inda suka raba hanya, sai mu bi ƙarfin ƙafa daga feda har zuwa kwalta. Ƙafar mutum ita kaɗai ba za ta tsayar da ƙarfe mai nauyin tan ɗaya da rabi ba, saboda haka ake ninka ƙarfinta hawa-hawa. Ita kanta fedar sanda ce mai ɗaga nauyi, tana ninka abin da ka taka kamar sau uku zuwa huɗu. Bayanta akwai wata baƙar tukunya mai faɗi da ke manne da bangon da ya raba injin da direba, wadda fitoci ke kira sabo. Ita tana aiki ne da zuƙar iskar injin, ta ƙara ninka ƙarfin. A mota mai dizal, wani ɗan famfo ne daban ke yi mata wannan zuƙar. Daga sabo sai masta, wato famfon da ke tura man birki cikin siraran fayif zuwa ƙafafu huɗu. Sunansa ɗaya da mai garejin, kuma kamar shi, in ya gaji aikin kowa ya tsaya. A can ƙafar mota man zai tura fistin, fistin ya matse takalman birki a jikin faifan ƙarfe mai juyawa tare da taya, ko kuma ya buɗa su a cikin duram in motar mai duram ce a baya.

Sirrin duka yana cikin hali ɗaya na ruwa: ba ya matsuwa. In ka danna shi a nan, dannawar za ta isa can ba tare da ta ragu ba. Blaise Pascal, Bafaranshe, shi ya bayyana wannan ƙa'idar tun ƙarni na 17, amma sai a 1921 aka fara sayar da motar hawa mai birkin mai a ƙafa huɗu, wato Duesenberg ta Amurka. Kafin nan da sanduna da wayoyi ake jan birki, kusan kamar na keke. A taka mai tsanani, matsin da ke cikin fayif ɗin nan ya ninka iskar da ke cikin tayarka fiye da sau talatin. Shi ya sa ɗan tsatsa a jikin fayif ko tsagewa a jikin tiyo ba abin a ce "bari sai wata ya mutu" ba ne.

To, shi wannan "kaifi" da muke yabo, daga ina yake? Yawancinsa zaɓin masu ƙera mota ne. In suka sa sabo mai ƙarfi da takalmin da ke cafka tun yana sanyi, da ka shafi feda sai mota ta zabura. In suka so, sai su sa ta ci a hankali, gwargwadon dannawa. Motocin tseren Formula 1 ba su da sabo kwata-kwata, dokar gasar ta hana. Direba kan danna abin da ya haura nauyin kilo 100 da ƙafa ɗaya, feda kamar dutse. Da za a kawo irin wannan birkin filin sayar da motoci a Kumasi, ba mai taya shi, alhali ba motar da ta fi su iya tsayawa.

Dalili kuwa shi ne, duk birkin da yake da lafiya, ko na ƙaramar Picanto ce ta tasi, yana da ƙarfin da zai kulle taya a kan busasshiyar kwalta. Da zarar ya kai nan, ƙarin ƙarfi ba ya ƙara komai a wannan tsayawar. Iyakar ta koma wajen taya da titi. Abin da ke taɓa ƙasa a kowace taya bai fi tafin hannu ba, kuma a kan waɗannan tafukan huɗu ne ake yanke hukunci.

Akwai wata dabara da na sha gani a Magazin wadda ke nuna yadda ƙafa ke yaudarar mai ita. Mutum ya zo yana ƙorafin feda ta yi masa zurfi, ba a samu masta na ainihin motar ba, sai a ɗauko na wata babbar mota a daidaita shi ya zauna. Feda ta hau sama, ta yi tauri, mai mota ya tafi yana sa albarka. Abin da bai sani ba, masta mai faɗin baki yana tura mai da yawa a ɗan motsi kaɗan, amma matsin da yake bayarwa a kan taku iri ɗaya ya ragu. Wato ya sayi daɗin ƙafa, ya biya da ƙarfin birki. Ranar gaggawa zai gane sai ya miƙe tsaye a kan feda.

Kada wannan ya sa a ce a yi watsi da abin da ƙafa ke ji. Feda ita ce bakin da birki ke magana da shi, sai dai ba tambayar "nawa ne nisan tsayawa" take amsawa ba. Tambayar da take amsawa ita ce "me ya canja tun jiya". Direban da ya san motarsa, canjin yake saurare.

In feda ta yi laushi kamar ka taka burodi, kusan kullum iska ce ta shiga layi. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, don haka rabin takunka yana ƙarewa wajen murƙushe kumfa maimakon matse faifai. Maganinta fitar da iskar, aikin da ba garejin da ba a yinsa kullum. Yaro ɗaya a kujerar direba, Masta a ƙasa da ƙaramar sifana a kan notin kalifa, wato muƙamuƙin da ke riƙe da takalman. "Buga! Buga! Buga! Danne!" Sai ya sassauta noti, mai ya tsarto da kumfa yana tsit-tsit, ƙafar yaron ta tafi ƙasa. "Kar ka saki!" Ya ɗaure noti. "To, saki." In yaron ya yi gaggawar ɗaga ƙafa kafin a ɗaure, ya zuƙo sabuwar iska, aiki ya koma farko, shi kuma ya sha faɗa. Haka za a zagaye ƙafa huɗu, ana leƙa kofin mai kada ya ƙafe. Abin tambaya bayan an gama shi ne ta ina iskar ta shiga, domin layin da yake a rufe ba ya shan iska haka kawai.

Wadda ta fi ban tsoro ita ce fedar da ke nutsewa a hankali. Kana tsaye a danja a Amakom, ƙafarka a kan birki, sai ka ji tana tafiya ƙasa sannu-sannu kamar ka taka taɓo. In ba inda mai ke zuba a waje, to robobin cikin masta ne suka gaji, man yana zagayewa ta bayansu. Irin wannan ba ya gyaruwa da addu'a ko da ƙarin mai, kuma ba a hawa babbar hanya da shi.

Fedar da ta yi ƙasa amma in ka buga sau biyu sai ta hau, sau da yawa takalman duram na baya ne suka yi nisa da bango suna neman a matso da su. Wani lokaci kuma boris ne ya saki, faifai na rawa yana tura fistin baya. Wadda ta ƙame kamar dutse, mota kuma ba ta tsayawa, a duba sabo da tiyonsa. Gwajin wannan ba ya buƙatar fita: kashe injin, taka feda sau biyar ko shida har ta yi tauri, riƙe ta a danne, sannan ka tayar da mota. In sabo na da lafiya za ka ji fedar ta ɗan sauka da ƙafarka. In ba ta motsa ba, ka san inda ciwon yake. Mota mai fizga gefe ɗaya in an taka, a nemi kalifar da ta cije ko tiyon da ya toshe ta ciki.

Sai kakkarwa, wadda ke zuwa har sitiyari in ana gudu. Kowa cewa yake faifai ya lanƙwashe, a kai a fere shi. Galibi ba lanƙwasa ba ce, kaurin faifan ne ya daina zama ɗaya, wani wuri ya fi wani da abin da ido ba ya gani. Tsatsar da ba a kankare ba a mazaunin faifai tana jawo haka, ɗaure notocin taya ba bisa ƙa'ida ba yana jawo haka, haka ma tsayawa da ƙafa a danne a kan faifai mai tsananin zafi, domin takalmin yana barin tabonsa a wurin. In aka fere ba a gyara sanadin ba, wata biyu sai ta dawo. Kowane faifai kuma akwai iyakar sirantarsa a rubuce a jikinsa, fira ba ta wuce nan.

Yanzu bari mu zauna a kan man birki, don a nan ne nake ganin muka fi yin sakaci. Man injin kowa ya san lokacin juye shi, har takarda ake maƙalawa a gilashi. Man birki kuwa akwai motocin da tun saukarsu daga jirgi a Tema ba wanda ya taɓa juye shi, sai dai a ƙara in ya sauka. Ga shi kuma yana da wani hali: yana shan danshin iska. Ta bakin kofi, ta jikin tiyon roba, a hankali ruwa ke shiga ya gauraya da shi. Sabon mai na DOT 3, wato ajin man da ake rubutawa a jikin robarsa, ba ya tafasa sai zafi ya kai aƙalla digiri 205 a ma'aunin Celsius, na DOT 4 kuma 230. In ruwa ya kai kashi 3.7 cikin ɗari a cikinsa, ma'aunin ya faɗo zuwa 140 ga na farko, 155 ga na biyu. Mu kuma a Kumasi damina biyu muke yi a shekara, iska jiƙe take mafi yawan watanni in ban da lokacin hunturu. Shi ya sa yawancin masu ƙera mota ke cewa a juye shi duk bayan shekara biyu, ko an yi tafiya ko ba a yi ba.

Mugun abin shi ne tsohon mai ba ya nuna kansa a cikin gari. Daga Asawase zuwa Kejetia a cunkoso, feda lafiya ƙalau. Sai ranar da birki ya ɗau zafi na gaske, ruwan nan ya tafasa ya zama tururi, tururi kuma iska ce, feda ta tafi har ƙasa ba abin da ya kama. Bayan rabin sa'a in ya huce, sai ta dawo kamar ba ita ba. A nan ne ake samun labarin "birki ya tsinke" alhali an duba ba a ga abin da ya tsinke ba, sai a ɗora wa ƙaddara ko a fara zargin sammu.

Saboda wannan halin ne ban yarda da man da ake tsiyaya daga buɗaɗɗen galan a sayar a kwalbar ruwa ba, komai arharsa. Ya gama shan iska tun kafin ya shiga motarka. Batun zuba ruwan sabulu a kofin birki don a lallaɓa a kai tasha, wanda wasu direbobin haya ke ba da labarinsa da alfahari, wannan caca ce da rayukan fasinja: ruwa a digiri 100 yake tafasa, ga tsatsar da zai bari a ciki. Man injin ko man sitiyari ma in ya shiga, kumbura robobi yake, sai an sauya su kaf. A kula kuma da DOT 5, wanda da silikon ake yinsa, ba ya gauraya da sauran, DOT 5.1 kuwa ɗan gidan 3 da 4 ne duk da kamar suna. Abin da aka rubuta a murfin kofin motarka shi za ka bi. In man ya ɗan sauka a hankali cikin watanni, alama ce takalma na cinyewa. In ya sauka cikin kwanaki, yoyo ne, a nemo shi.

Tun da an zo maganar yoyo, tun 1967 dokar Amurka ta tilasta raba layin birki gida biyu, yanzu kuma kowace mota haka take, don in ɗaya ya fashe ɗayan ya kai ka gefen titi, ko da yake feda za ta yi zurfi sosai. Wannan rangwame ne na minti biyar. Abin da wasu ke yi na daddage fayif da guduma a "kashe ƙafa ɗaya" a ci gaba da lodi har mako, shi ne mayar da hanyar tsira ta zama hanyar kullum.

Daga ina duk wannan zafin yake zuwa? Birki ba ya ɓatar da gudu, juya shi yake ya zama zafi. Motar da ta kai kilo 1,500 tana gudun kilomita 100 a sa'a, in ta tsaya sau ɗaya, zafin da za ta zuba a faifanta ya kusa isa ya tafasa ruwa lita biyu, kuma a cikin daƙiƙa huɗu ko biyar. Mafi yawansa a ƙafafun gaba yake sauka, domin nauyin mota gaba yake komawa in an taka. Sau ɗaya ba komai, faifai zai sha iska ya huce. Gangara ce ke hana shi hutu. A ce wannan motar za ta sauko daga tudu mai tsayin mita 300, ƙarfin da nauyinta zai saki ya haura na irin waccan tsayawar sau bakwai a jere; iska da gogayyar taya su ɗauki nasu, sauran duka na birki ne in direba bai sa injin ya taya shi ba. Duk wanda ya taɓa saukowa daga tsaunin Mampong, ko ya gangara Abono bakin tafkin Bosomtwe, ko ya sauko daga duwatsun Kwahu zuwa Nkawkaw bayan bikin Ista, ya san warin nan na ƙonannen takalmi da ke tashi daga motar da ke gaba.

Gajiyar birki iri biyu ce, kuma a nan ƙafa na iya gaya maka wacce ce. In takalmi ne ya yi zafi fiye da kima, feda tana nan da taurinta amma mota ba ta rage gudu, kamar an shafa wa faifan man shanu. In mai ne ya tafasa, feda ce ke laushi ta nutse. Dukansu rigakafinsu ɗaya: ka sauka da giyar da za ka hau da ita. A mota mai otomatik akwai 2 ko L ko alamar ragi, ba don kwalliya aka sa su ba. Ka taka da ƙarfi ka rage gudu, ka ɗaga ƙafa ya sha iska, ya fi ka ɗora ƙafa kana jan sa tun daga sama har ƙasa. Sakin mota a firi don tsimin mai, wanda wasu direbobin torotoro, ƙananan bas-bas na haya, suka mayar al'ada, ya ɗora wa birki kayan da ya kamata su raba da injin. Ga shi a motocin zamani masu injekta, sauka cikin giya ba tare da taka totur ba kusan ba ya shan mai, firi ne ma ke sha. In aka ƙara da lodin da ya wuce ƙa'ida, buhunan doya a sama da a bayan kujera, zafin yana ƙaruwa daidai da nauyin. Watsa ruwan sanyi a faifai mai zafi kuma yana iya tsaga shi.

Takalmin ma ba duka ɗaya ba ne. A gefen masu yawa daga cikinsu akwai haruffa biyu, kamar EE ko FF ko GG. Na farko yana nuna kamunsa a matsakaicin zafi, na biyu in ya gasu. F ya fi E kamu, G ya fi F. Takalmin da ke cafka da sanyi ya saki da zafi shi ne ainihin mai cin gwajin filin ciniki ya faɗi a gangara. Sabon takalmi kuma yana son a ɗan bi shi a hankali kwanakin farko har ya zauna a jikin faifai. In naman ya rage kamar milimita 3, lokacin sauyi ya yi, ba sai ƙarfe ya fara cin ƙarfe ba.

Duk da haka, babu gyaran da ya kai ƙafar dama tasiri kafin ma a zo ga birki. In gudu ya ninka biyu, nisan tsayawa ninkawa huɗu yake. A busasshiyar kwalta da taya mai matsakaicin kamu, mai gudun 50 yana buƙatar kamar mita 14 daga inda birki ya ci, mai gudun 100 kuwa kamar 56. A jiƙaƙƙen titi 14 ɗin nan na iya komawa 25. Wannan ban da tafiyar da mota ke yi kafin ƙafa ta isa feda: daƙiƙa ɗaya a gudun 50 wasu mita 14 ne, a gudun 100 mita 28, in kuma ido na kan waya sai abin da Allah ya yi. Ga lissafin da ya fi tsaya min a rai. Motoci biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya na 50 ɗaya na 60, yaro ya faɗo titi, direbobin duka suka taka bayan daƙiƙa ɗaya. A daidai inda mai 50 ya tsaya cik, mai 60 yana nan yana gudun kusan 40. Dokar hanya ta Ghana, L.I. 2180 ta shekarar 2012, da ta sa 50 a cikin gari, 30 a kusa da makarantu, 90 a manyan hanyoyi, ba daga sama ta tsinto lambobin ba.

Na'urar ABS, wadda Mercedes-Benz da Bosch suka fito da irinta ta zamani a motocin kasuwa a 1978, aikinta hana taya kullewa. Tana saki tana kamawa sau da yawa cikin daƙiƙa, don tayar da ke juyawa tana jin sitiyari, kullalliya kuwa ba ta ji. Da motata na da ita a Anloga, aƙalla da na iya kaucewa. Matsalar ita ce in ta fara aiki feda kan yi gurnani tana bugun tafin ƙafa, wanda bai saba ba sai ya tsorata ya ɗaga. Nan ne wurin dannewa, ba a bugawa, ba a saki. A kan tsakuwa ko yashi, irin hanyoyin jar ƙasa na bayan gari, tana iya ƙara nisan tsayawa kaɗan, amma ta bar maka sitiyari. Binciken Mercedes ya kuma gano cewa yawancin direbobi ba sa danna birki da isasshen ƙarfi a lokacin gaggawa, abin da ya sa a 1996 suka ƙara na'urar da ke cika takun in ta ga an taka da firgici. Ka ga ke nan sau da yawa birkin na da saura, ƙafar ce ke jin kunya. Fitilar ABS in ta kama a gaban direba, birki na nan amma kariyar ta tafi; cire ƙwan fitilar ko liƙe ta da baƙin tef kafin a kai mota gwajin DVLA, hukumar lasisin motoci ta Ghana, ba ya dawo da ita.

Mu koma wajen Masta, wanda har yanzu yana tsugune a gaban tayata. Ya tofa ɗan yawu a yatsa ya goge gefenta, ya nuna min lambobi huɗu a cikin wani ɗan zagaye bayan rubutun DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tawa da na saya a matsayin "hom-yus" mai kyau, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, ta shekara tara a duniya. Roba tana bushewa da tsufa ko zanenta bai cinye ba, balle wadda ta haɗa tsufa da sanƙo. Zanen nan shi ke kore ruwa daga ƙarƙashin taya, kuma milimita 1.6 shi ne ƙarshen abin da doka ta yarda da shi; a tsakanin layukan akwai wasu 'yan tudu, in zane ya zo daidai da su an kai iyaka. Ya sake nuna min wata alama a tayar baya, hoton dutse da furen ƙanƙara a ciki. Tayar hunturun Turai ce, an yi ta don sanyi, a zafin kwaltarmu laushi take yi ta ƙara nisan tsayawa. Ya danna bayan motar da hannu biyu ya saki, ta yi lilo sau uku kafin ta natsu. Shokazoba ma sun mutu, kuma tayar da ke tsalle a kan gargada rabin lokacinta a sama take, ba abin da birki zai yi mata.

Na tambaye shi nawa zan kashe. Ya lissafa taya huɗu da shokazoba biyu, na ji kuɗin ya ninka na takalman da na sa sau da yawa, na fara neman hanyar zillewa.

"Masta, in na sa biyu a gaba yanzu, na baya su jira albashi fa?"

"In biyu za ka iya, a baya za mu sa sababbin, mu zaɓi masu dama-dama mu kawo gaba. Gaba in ta sulale kana da sitiyari a hannu. Baya in ta sulale a ruwa, juyawa za ta yi da kai kana kallon inda ka fito."

Ya ƙwala wa yaronsa kira ya kawo jak, ya ce kafin mai taya ya iso a zuƙo man kofin nan a gani. Yaron ya tsoma sirinji ya ja, ya ɗaga shi a rana. Sabon man birki kalar man gyaɗa yake. Nawa ya fito baƙi kamar shayin da aka manta a kan wuta.